Man leɓen nan mai sanyaya baki: na gwada, ban ba ku shawarar saye ba

Jama'a masu sayen ɗan man leɓen nan mai kamar janbaki, wanda ake jerawa a gaban kanta kusa da alewa da cingam, mai ƙamshin na'a-na'a ko na lemo, don Allah ku tsaya ku karanta abin da aka rubuta a jikinsa kafin ku ba yaranku. Ni dai na yi amfani da shi a hunturun nan kuma wallahi ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ba zan kama sunan kamfani ba tunda ba shi kaɗai ba ne, irinsu sun cika gari.

Da farko idan kin shafa sai ki ji wani sanyi-sanyi da ɗan raɗaɗi a leɓe, ki ce ai magani ne ke aiki, amma kafin ki idar da sallar la'asar leɓen ya sake bushewa fiye da da, ki sake shafawa, haka za ki wuni hannunki na cikin jaka. Abin da ya fi ɓata min rai 'yata ce ƙarama. Saboda zaƙin da ke jikinsa lashewa take yi, ta shafa ta lashe, har kewayen bakinta ya yi ja ya yi zobe, leɓen ƙasa ya tsage a tsakiya, da safe ta tashi da busasshen jini a wurin, ko kunu mai ɗumi ta kai baki sai ta yi kuka.

Sanyin nan da muke yabo daga mentol da kafur yake, wasu kuma har da fenol da salisilik asid, waɗanda aikinsu kankare fata ne. To leɓe fatarsa siririya ce kuma ba ta fitar da maiƙo na kanta kamar sauran jiki, shi ya sa iskar hunturu ke fara kama shi tun daga Disamba har Fabrairu, sai kuma a zo a ɗora masa abin da zai ƙara ƙona shi? Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ma ta lissafa waɗannan a cikin abubuwan da mai tsagaggen leɓe zai guje wa, har da turare da ɗanɗanon kirfa da na lemo da na na'a-na'a, ta kuma ce idan man leɓe na sa raɗaɗi ko zafi to ba warkewa ba ce, fatar ce ke jin ciwo. Ga shi kuma abin da aka shafa a baki dole wani ya wuce ciki. Wanda na saya ma ko lambar NAFDAC babu a jiki, babu ranar da zai lalace.

Amma fa kar a ce na ce duk na kanti sharri ne. Basilin zalla, fari wanda ba turare, yana aiki sosai kuma likitocin ma sun yarda da shi.

Yayata da ke Unguwar Rimi ce ta ce min, ke Maman Hanan, me ya kai ki ga wannan alhali ga man kaɗanya da muka tashi da shi? Ita ta nuna min yadda ake haɗawa da kakin zuma don ya daskare ya zauna a leɓe. Man kaɗanyar a Kasuwar Barci na samo, ɗanye wanda ba a wanke masa ƙamshi ba, kakin kuma wajen masu sayar da zuma, ki ce su ba ki saƙar da aka matse, ki narka ki tace da tsumma mai tsabta. Ki lura, na gaske rawaya-rawaya ne kuma yana ƙamshin zuma, idan fari ne fat ba ƙamshi to ki yi hattara kar a haɗa ki da kyandir.

Cokali 1 na kaki, cokali 2 na man kaɗanya, cokali 1 na man kwakwa ko zaitun. Ki ɗora ruwa a ƙaramar tukunya ki saka kwanon silba a ciki, kar ki ɗora man kai tsaye a wuta don zai ƙone ya yi ƙauri. Kakin za ki fara sawa saboda shi ne mai taurin kai, sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, sannan man kwakwa, man kaɗanya a ƙarshe ki sauke da ya narke. Ki ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ki taɓa, in ya yi tauri ƙara mai, in ya yi ruwa ƙara kaki. Sai ki zuba a 'yan ƙananan robobi busassu, idan akwai wuta ki sa a firij ya daskare da sauri, don in ya huce a hankali man kaɗanya kan yi tsaki-tsaki. Kar ki sa ruwa, zumar kanta ma ba ta haɗuwa da mai, kwanciya take yi a ƙasa.

Sakamako kam Alhamdulillah. Ba raɗaɗi, ba zaƙin da zai sa yarinya lasa, ina shafa mata kafin ta tafi makaranta da kuma lokacin kwanciya, tsagar ta haɗe, jan zoben ya baje. Maigidan ma da ke wuni a kan mashin cikin ƙura ya karɓi roba ɗaya.

Aibinsa ƙamshin man kaɗanya, ba kowa ke so ba, ba ya kuma kare leɓe daga rana, sannan idan zafin Maris da Afrilu ya shigo zai yi laushi a jaka sai an ƙara kaki. Wanda kuma zuma ko kayan ƙudan zuma ke sa wa ƙaiƙayi ya fara gwadawa a hannu tukuna. Idan leɓen ya kai sati 2 zuwa 3 ana shafawa bai warke ba, ko gefen baki ne ke tsagewa yana ruwa, wannan ba na man leɓe ba ne, a je asibiti a duba.