Wace manhaja zan saya don lissafin atin na tashar wuta?

Wani ƙanina a sana'a ya kira ni kwanaki, wai an ba su aikin ƙaramar tasha 33/11kV, maigidansa ya ce ya nemo manhajar zana atin, wato ragar jan ƙarfe da ake binnewa a ƙasa don ta zubar da wuta in an samu matsala, wacce zai saya? Na ce masa tsaya, kun auna ƙasar wurin? Sai ya yi shiru. To nan matsalar take wallahi, don duk tsadar manhaja abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka.

Awon ba wuya, hanyar Wenner ce da ƙa'idar injiniyoyi ta IEEE 81 ta bayyana, ka kafa ƙusoshi huɗu a layi da tazara iri ɗaya, ka karanta na'urar awon. In tazarar mita 4 ce kuma ka ga om 20, lissafin 2 x 3.14 x 4 x 20 zai ba ka kusan om-mita 502, wato yadda ƙasar ke tirje wa wucewar wuta. Sai ka yi ta buɗa tazarar don ka leƙa can ƙasa. Mu da muke aiki inda sama burji ne busasshe, ƙasa kuma wani lokaci danshi wani lokaci dutse, in ka auna a Agusta ka sake aunawa a Maris za ka rantse ba fili ɗaya bane. Shi yasa tambayata ta farko ga kowace manhaja ita ce, hawa nawa na ƙasa take iya ɗauka?

ETAP ita mafi yawanmu muka fara sani, kuma ɓangarenta na Ground Grid yana yin lissafin IEEE 80, ƙa'idar atin na tashoshin wuta, kai tsaye, yana kuma da hanyar yanka ragar gunduwa-gunduwa in fasalinta ba murabba'i bane. Daɗinta shi ne in dama a ciki ka yi lissafin ƙarfin wutar da zata sauka ƙasa idan an samu matsala, ba sai ka sake kwafe lambobi da hannu ba. Ga tasha irin ta ƙanin nan nawa ta wadatar, ban ga dalilin wuce ta ba. CYMGRD ta kamfanin Eaton da Ground Mat ta SKM duk layinsu ɗaya, in ofis ɗinku na da lasisin ɗaya daga ciki ku riƙe ta kawai.

Inda labari ke canzawa shi ne babban fili. Lissafi mai sauƙi yana ɗauka cewa duk ragar jan ƙarfen nan ƙarfin wuta ɗaya ne a jikinta daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ƙaramar tasha hakan kusan gaskiya ne, amma a gonar sola mai faɗin ɗaruruwan mita ko masana'anta, musamman in ƙasar mai danshi ce, wutar tana zubewa tun kafin ta kai ƙarshe, sai manhaja ta nuna maka komai lafiya alhali mai gadin da ya dafa shingen waya yana cikin haɗari. Wannan abin yana damuna sosai, don wanda shokin zai kama ba shi ya sa hannu a zanen ba.

Nan ne CDEGS ta kamfanin SES na Kanada ke shigowa. A cikin ɓangarorinta, RESAP na fassara awon ƙasa zuwa hawa-hawa, MALT na yin lissafin da aka saba, MALZ na lura da zubewar nan da na faɗa, HIFREQ kuma har tsawa da wutar da ke tsallakawa kan bututun da ya bi gefen layi. Amma fa akwai tsada, da dala ake biya, kuma ba a koyonta a mako ɗaya. Na ga ofishin da ya saya aka bar ta tana kwana a kwamfuta don ba wanda aka tura horo. XGSLab ta Italiya tana yin irin wannan aikin da ɓangarenta na GSA_FD, tana bin IEEE 80 da kuma EN 50522 na Turai, a ganina ta fi saurin shiga kai. Akwai WinIGS ta Amurka, ƙarfinta wajen gano nawa daga wutar ke bin wayar saman layi ta koma, nawa ke shiga ƙasa. Sai SafeGrid ta Ostareliya, mai sauƙin hannu ga ƙaramin ofis.

Kafin ka biya, ka nemi ta gwaji ka saka awon filinku na gaske. Duba ko tana barinka ka zaɓi mutum mai kilo 50 ko 70, ka saka kaurin tsakuwar da za a shimfiɗa da lokacin da birka ke ɗauka kafin ya yanke wuta, kuma ta zana maka taswirar wuraren da taɓawa ko takawa ke da haɗari, ba wai ta ce om kaza shikenan ba. Ka tambayi kuɗin sabunta lasisi duk shekara ma.

Shi ƙanin nawa na ce ya ari mitar awo ya tafi filin tun kafin ruwan farko ya sauka, ya yi aikin da ETAP ɗin da ke ofishinsu, ya turo min in duba.