Bakaniken da ya gano matsalar allurar zafin Corolla ta

Ga masu tsohuwar mota da allurar zafi ke hawa da sauka, akwai wani ƙaramin gareji a bayan Kofar Ruwa a Kano da na ji daɗin aikinsa ƙwarai.

Corolla ta ƙirar 2004 ce. A cikin cunkoso allurar sai ta doshi ja, da na hau titi ta faɗo ƙasa. Wasu sun ce gaskit ya ƙone, a sauke kan injin. Shi wannan malamin bai taɓa sifana ba sai da injin ya huce. Ya buɗe murfin lagireto, ya nuna mini robarsa ta tsattsage. Ya duba man injin, babu alamar ruwa a ciki, wadda akan gani idan gaskit ya ƙone. Sannan ya tada mota ya kama babban tiyon sama da hannu, yana jiran ya ji lokacin da ruwan zafi zai shigo.

Tamostat ɗin ne, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan injin ya yi zafi, ke maƙalewa, ga kuma iska a hanyar ruwa. "Alhaji, ba zan cire shi in jefar ba kamar yadda aka saba," in ji shi. Ya sa sabo mai buɗewa a digiri 82, ya canza murfi, ya fitar da iskar, ya tabbatar fanka na tashi.

Wurin ba inuwa, kuma akwai jira, don ba ya gaggawa. Amma kuɗin kaya daban ya faɗa mini, na aiki daban, ya kuma miƙo mini tsofaffin kayan a leda.