Smith, Schmidt da Kovács: suna ɗaya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Smith na Ingila, Schmidt na Jamus da Kovács na Hangari suna ɗaya ne, da kuma dalilin da ya sa 'yan Hangari suke fara rubuta Kovács kafin sunan yanka. Ma'anarsu dai ɗaya ce, maƙeri, amma asali ya bambanta.

Smith da Schmidt 'yan ɗaki ɗaya ne, daga tushe guda suka fito. Smith ya fi kowane sunan iyali yawa a Ingila da Amurka. Schmidt kuwa na biyu ne a Jamus, Müller mai niƙa ya sha gabansa, ga shi kuma rubutunsa ya rarrabu: Schmid, Schmitt, Schmitz. Na ƙarshen, wanda ya yawaita a yankin kogin Rhine, asalinsa "na maƙeri", wato ɗan maƙeri. Shi Kovács aro ne daga harsunan Silabawa maƙwabta, shi ya sa ake jin Kovač a Kuroshiya. Wancan "cs" ɗin kamar c ɗinmu ta "ciki" ake faɗinsa.

A nahawu, Turanci da Jamusanci ba su da wahala. Iyalin gaba ɗaya "the Smiths" ne ko "die Schmidts". Mallaka kuma "Smith's", sai dai Bajamushe ba ya sa ɗigon nan na sama: "Schmidts Haus", gidan Schmidt.

Aikin yana wajen Hangari. Sunan iyali ne a gaba, Kovács János, ko da asalin sunan na waje ne, muddin mai shi ɗan Hangari ne: Schmitt Pál, shugaban ƙasar daga 2010 zuwa 2012, sunan Jamusawa gare shi amma jerin Hangari. Sannan komai ɗafa shi ake yi a ƙeyar suna. Kovácsék su ne mutanen gidan Kovács. Kovácsnak, "wa Kovács", amma Schmidtnek, domin wasalin ɗafin yana bin wasulan sunan. "Tare da Kovács" kuwa Kováccsal ne, har rubutun sunan ya canja.

Wanda ya fi rikita baƙi shi ne na matan aure. Kovács Jánosné na nufin matar Kovács János. Nata sunan ya ɓace kwata-kwata a takarda. Yanzu doka ta ba su zaɓi, amma tsofaffi da yawa haka suke. Don haka in ka ga -né a wasiƙa, kada ka amsa da "Malam János".