Silin gwajin ƙafa na masu ciwon suga: ya cancanci kuɗinsa, amma ba ya isa shi kaɗai

Wannan ɗan silin nailan da ake kira monofilamen, wanda ake samu a shagunan kayan asibiti a nan Kano, an yi shi ne ya lanƙwashe idan nauyin giram 10 ya hau kansa. Da shi ake gwada ko ciwon suga ya lalata jijiyoyin ƙafa har ta daina ji. Ƙafar da ba ta ji wannan nauyin ba, ba za ta ji ƙusa ko ƙunar yashin bazara a hanyar masallaci ba. Ta nan gyambo ke farawa.

Aikinsa minti uku ne. A fara dangwala wa mara lafiya a hannu ya san yadda abin yake, sannan ya rufe ido. A ɗora silin a tsaye a kan fata, a danna har ya lanƙwashe, a riƙe kamar daƙiƙa 2, a ɗage. Wurare uku a kowace ƙafa: ƙasan babban yatsa, da tafin ƙafa a gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Kowane wuri a tambaya sau uku, ɗaya daga ciki ba tare da an taɓa ba: "Baba, ka ji?" Dattawanmu da kara, wani zai ce ya ji don kada ya ba ma'aikaci kunya.

Inda ake yawan kuskure shi ne dangwalawa a kan kanta ko kaushi. Da hunturu ƙafafu sun yi faso, fata ta yi kauri, sai lafiyayyar jijiya ta fito kamar matacciya. A matsa gefe zuwa fata mai laushi.

Silin kansa yana gajiya. Bayan mutum 10 a bar shi ya huta awa 24, kuma kada a ajiye shi cikin mota ko kusa da taga, zafi na sa shi laushi. Wanda ya karkace a jefar.

Babban aibinsa, sai lalacewa ta yi nisa yake kamawa. Mai zogi da raɗaɗi cikin dare na iya cin gwajin alhali ƙananan jijiyoyi sun taɓu. Don haka a haɗa da gwajin tsini ko na zafi da sanyi, wanda shi ke duba ƙananan jijiyoyi, da kuma ƙarfen karkarwa (tuning fork) mai lamba 128, wanda ake bugawa a ɗora a ƙashin babban yatsa a ga ko mutum ya ji karkarwarsa.

Mai suga nau'i na 2 a gwada shi ranar da aka gano ciwon, nau'i na 1 bayan shekara 5, daga nan duk shekara. Wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin a duba masa bitamin B12, don maganin na iya rage shi, kuma ƙarancin B12 ma yana kashe ƙafa.