Shekara guda da sola a shagon ɗinki

Shekara guda ke nan da muka sanya na'urar lantarki mai amfani da hasken rana a shagonmu na ɗinki da ke cikin birnin Kano. Abin da aka haɗa mana shi ne faranti shida a kan rufi, da inbata mai juya wutar batiri ta zama irin ta gida, da batirin litiyam, kuma masu aikin sun kammala cikin kwana biyu ba tare da sun bar mana waya ko ɗaya a buɗe ba.

Kuɗin mai ne ya tilasta mana. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hauhawa har ta haura naira 1,000 a 2024, janareto kuwa ya koma yana lashe ribar da tela ya kwana yana nema.

A azumin da ya wuce na tabbatar da amfanin na'urar. Kekunan lantarki biyar da fitilu da fanka suka riƙa aiki tun daga bayan tarawihi har zuwa sahur, babu hayaƙi, babu ƙarar da ke hana maƙwabta barci. Akwai wani yaron shagonmu wanda a da, idan aka ɗauke wuta, yakan koma kan keken ƙafa ya yini a kan kaftani guda. Yanzu kafin la'asar ya gama shi ya ɗauki wani yadin. Hannunsa bai canja ba, ƙarfin da ke tura allurar ne ya canja, kuma daga nan ne ƙarin kuɗin da yake kaiwa gida ya fito.

Wannan ne ya sa nake jin ciwon halin da ƙasarmu take ciki. Mutane fiye da miliyan 200 suna rabon wutar lantarki megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan ranaku, alhali Masar ta ƙaddamar da tashoshi uku masu ƙarfin megawat 14,400 a 2018 kaɗai. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa rashin tsayayyar wuta yana jawo wa Najeriya asarar kusan dala biliyan 26 a kowace shekara. Duk wanda ya ratsa unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa a Kano, ko ya ga masaƙun Kakuri a Kaduna a garƙame, ya ga wannan asarar da idonsa, domin tsadar wuta tana cikin abubuwan da suka durƙusar da su, shaddar da muke ɗinkawa kuwa daga waje ake shigo da ita.

Na'urar tana da iyakarta. Ba ta ɗaukar dutsen guga na tsawon lokaci, saboda haka har yanzu da na gawayi muke goge kaya. A hunturu dole ne a hau rufi a share ƙura duk bayan kwana biyu, a watan Agusta kuma, idan hadari ya yini, batirin yakan gaza tsakar dare. Kuɗin sayenta ma ba ƙarami ba ne, sai da muka haɗa da adashi.

Ga tela ko mai aski, ina ba da shawarar a saya, amma a fara lissafa kayan da za a jona kafin a zaɓi girman batiri. Mai walda da mai injin niƙa kuwa, irin tamu ba za ta ɗauke su ba.