Asfirin ɗin da aka auna mana a Tokyo

A gida ka miƙa wa mai kemis canji, ya yanko maka asfirin da almakashi, shi ke nan. A nan Tokyo sai da mai ba da magani ta zaunar da ni kamar ɗan firamare kafin ta sakar mini leda.

Yarona ɗan shekara uku ne zazzaɓi ya ƙi sauka a jikinsa. Ido ja ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, harshe jawur, tafin hannu a kumbure. Uwarsa ta ce ƙyanda. Likita ta ce cutar Kawasaki ce, wadda likitan yara na ƙasar nan Japan, Tomisaku Kawasaki, ya bayyana a 1967. Jijiyoyin jini ke kumbura, galibi a yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in ba a yi magani ba kusan yaro ɗaya cikin huɗu, jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa sukan buɗe su yi kumburi. Aka ɗaura masa ruwan garkuwar jiki da ake tacewa daga jinin mutane, wanda ake so a ba yaro kafin zazzaɓin ya wuce kwana 10, aka haɗa da asfirin.

Ranar sallama ce abin ya ɗaure mini kai. Asfirin ɗin gari ne, an auna shi daidai da nauyin yaron, kowace rana da ƙullinta, da sunansa a jiki. Mai yawa aka ba shi lokacin zazzaɓi, yanzu ɗan kaɗan zai riƙa sha na mako 6 zuwa 8 don kada jini ya daskare. Matar nan mai ba da magani ta maimaita, ta sa na maimaita: in mura mai tsanani ko ƙarambau ta shigo gida, in kira asibiti nan take, domin asfirin tare da su na iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaro. Raina ya ɓaci, wallahi, ni da gemuna. Amma ko sisi ban biya ba, ƙaramar hukuma ta ɗauke.

Mu kuwa ƙwayar manya ake karyawa biyu da haƙori a ɗura wa yaro. Kowane zazzaɓi maleriya, in ya ƙi a ce taifot, in fata ta fara saɓa a yatsu a ce shawara ce ke fita. Wa ke tunanin hoton zuciya?

Sai dai jinya a nan maraici ce. Ba mai shigowa da fulas ɗin kunu, ba mai cewa sannu, ya mai jiki. Lokacin dubiya a ƙayyade, takardu kuwa tuli guda da rubutun da ba na iya karantawa. Abincin yaron ma kullum sai na bi nas da waya a hannu ina tambaya ko da naman alade a miyar.