Rangwamen Mazauna Filorida a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Abin da Na Gani a Tafiyar Kwana Huɗu zuwa Bahamas

Na shekara bakwai a birnin Olando na jihar Filorida a Amurka kafin in taka jirgin ruwan shaƙatawa, duk da cewa tashar Canaveral, wadda tana cikin tashoshin da suka fi yawan fasinjoji a duniya, tafiyar kimanin awa ɗaya ce a mota daga gidana. Abin da ya hana ni shi ne na ɗauka harka ce ta masu hannu da shuni. Wani dattijo ɗan ƙasarmu da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ne ya gyara mini wannan fahimta, inda ya ce: "Malam, lasin tuƙin da ke aljihunka kuɗi ne a wajen mutanen nan. Ka duba farashin watan Satumba, ka shaida musu a Filorida kake zaune, sannan ka zo ka ba ni labari." Na bi shawararsa, na yanka mana tikitin kwana huɗu zuwa Bahamas, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara huɗu, daga Litinin zuwa Juma'a.

Samun rangwamen bai ba ni wahala ba. A shafin kamfanin na intanet akwai gurbin da ake zaɓar jihar da mutum yake zaune, kuma ina zaɓar Filorida farashin ya sauko nan take. Abin da aka rage mana ya isa ya biya kuɗin ajiye mota a tasha na kwanakin gaba ɗaya da man zuwa da dawowa, har da ɗan saura. Sharaɗin shi ne aƙalla babba ɗaya a cikin ɗakin ya nuna shaidar zama a jihar, kuma an rubuta ƙarara cewa wanda ya kasa nunawa ranar tafiya zai cika bambancin kuɗin kafin a bar shi ya shiga. Ranar Litinin ɗin ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta riƙe lasina, ta karanta adireshin, ta dubi fuskata, ta kwatanta da abin da ke allon kwamfutarta, sannan ta miƙo mini da hannu biyu tana yi mana fatan alheri. Dukkan tantancewar ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

Tambayar da ta riƙa yi mini yawo a zuciya tun ranar da na biya ita ce dalilin da zai sa kamfani ya rage wa wanda ke kusa, alhali wanda ya taso daga nesa shi ne ya fi ɗawainiya. Amsar na fara gano ta ne da na tuna tashar mota a gida. Direban da ke lodi yana iya jira har motarsa ta cika, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum biyu, fasinjoji kuma dole su yi haƙuri. Jirgin ruwa ba shi da wannan dama, domin an riga an tsayar da ranar tashinsa da lokacin tun fiye da shekara guda, an biya kuɗin matsayarsa a kowace tasha, kuma man da zai sha da albashin ma'aikatansa kusan ɗaya ne ko ya cika ko bai cika ba. Ɗakin da ya tashi babu kowa a ciki ba kaya ba ne da za a ce ya yi kwantai a sayar gobe, kuɗin wannan daren ya tafi ke nan har abada. Tun da ba za a jira fasinja ba, sai a nemo shi da farashi.

To amma wa zai iya amsa kira idan lokaci ya ƙure? Galibin kamfanoni suna karɓar cikon kuɗin tafiya kwana 75 zuwa 90 kafin tashi, kuma a lokacin ne suke sanin haƙiƙanin ɗakunan da suka rage musu bayan masu fasawa sun fasa. Mutumin da ke Shikago ko Toronto, idan aka yi masa tayin tafiya saura mako uku, sai ya nemi tikitin jirgin sama a lokacin da ya fi tsada, ya kama otal na dare ɗaya kusa da tasha, ya nemi hutu a wurin aiki, kuma kafin ya gama lissafi rangwamen ya narke. Ni kuwa jakunkuna kawai na saka a bayan mota na kama hanya mai lamba 528. Filorida tana da mutane sama da miliyan 22, da yawansu 'yan fansho ne da ba su da ranar aiki, kuma tashoshin Mayami da Fort Lauderdale da Canaveral da Tampa da Jacksonville sun kewaye su ta kowane ɓangare. Tashar Mayami kaɗai ta ga fasinjoji sama da miliyan 7 a shekarar 2023, kuma a yankin ne hedikwatocin manyan kamfanonin jiragen, wato Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, suke. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki daga Mayami a watan Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Wanda ke da gadaje masu yawa haka, kuma dole ya cika su kowane mako, ba zai yi wasa da maƙwabtan da za su iya isowa a mota ba.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko zurfi. Kamfanin zai iya sauke farashi ga kowa da kowa, amma idan ya yi haka, waɗanda suka biya da tsada tun watanni takwas da suka wuce za su buƙaci a mayar musu da bambanci, kuma jama'a za su koyi jinkirta saye har sai farashi ya faɗi. Saboda haka sai a kewaye ragin da shinge: na mazauna jiha, na waɗanda suka kai shekara 55, na sojoji, na tsofaffin abokan ciniki. Farashin da ke rubuce a allo ya tsaya da mutuncinsa, ragin kuma ya tafi ga wanda aka tabbatar ba zai saya ba idan babu shi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya ja abokin ciniki gefe ya sallama masa a hankali don kada na kusa ya ji ya san wannan dabara. Shi ya sa ba Filorida kaɗai ake yi wa ba, domin mazauna Teksas ma sukan samu irinsa a jiragen da ke tashi daga Galveston, kuma wani lokaci akan miƙa shi ga jihohin da ba su da teku idan ciniki ya ja baya a can.

Zaɓen Satumba da dattijon ya yi mini ma yana da tushe. Lokacin guguwar tekun Atilantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ƙarfinsa yana tsakanin tsakiyar Agusta da Oktoba, daidai lokacin da yara suka koma makaranta. Baƙo daga nesa yana tsoron ya kashe kuɗin jirgin sama sannan a canza masa hanya ko a rage kwanakin tafiya. Mazaunin Filorida ya saba da sauraron hasashen yanayi kowace safiya, kuma idan an ɗage tafiya gidansa kawai zai koma. Mu Allah Ya taimake mu, teku ta kwanta lumui dukkan kwanakin, in ban da ruwan sama na kamar rabin awa da ya same mu a Nasau, babban birnin Bahamas.

Sai da na shiga jirgin na gane dalili na uku da idona. Tun a ƙofar shiga aka fara yi mana tayi: kunshin abin sha na kwanaki huɗu, intanet, ɗakin cin abinci na musamman, hotuna, tausa, yawon gani da ido a tsibiri. Katin da ke buɗe ɗakinka shi ne kuma jakar kuɗinka, ko'ina miƙa shi kawai ake yi, ba ka jin zafin fitar kuɗi sai daren ƙarshe. Rahotannin shekara na manyan kamfanonin suna nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu daga abin da fasinja ke kashewa a cikin jirgi yake fitowa, kuma barasa da caca suna da babban rabo a ciki. Ke nan gadon da aka sayar da araha ba asara ba ne, tun da mai gadon zai kwana huɗu a kasuwar da babu wani mai shago sai mai jirgin. Hatta yadda suke lissafin cikar jirgi ya nuna haka: ana ƙirga mutum biyu a kowane ɗaki a matsayin kashi 100, don haka iyali irin namu mai mutum uku shi ke sa alƙaluman su haura ɗari.

A nan ne na ga Musulmi yana da wata riba da ba a rubuta a talla ba. An yi ragin ne da tsammanin za a mayar da shi a mashaya da teburin caca, mu kuwa ba mu da hulɗa da ko ɗaya, sai ragin ya zauna a aljihunmu. Sai dai dole in faɗi cewa hanyar da ta fi sauƙi daga ɗakin cin abinci zuwa zauren wasanni ta tsakiyar gidan cacar take bi, ga hayaƙin taba, kuma sai a rana ta biyu muka gano za mu iya hawa bene ɗaya mu kewaye. Wannan ya dame ni matuƙa saboda yarinyar.

Abinci da masu hidima su ne suka fi burge ni. Na sanar da kamfanin tun kafin tafiya cewa ba ma cin naman alade kuma ba ma son abin da aka dafa da giya, sai ga shi kowane dare shugaban masu hidimar teburinmu, wani mutumin Indunisiya mai natsuwa, yana kawo mana jerin abincin gobe mu zaɓa tun yau. Kifi da shinkafa da ganye muka fi ci, kuma ba mu taɓa tashi da yunwa ba. A daren farko da ya ji na yi Bismillah sai ya sunkuyo ya yi mini sallama a hankali, kuma shi ne ya nuna mini tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya fuskanta, wadda da ita na riƙa kintatar alƙibla. Ɗakin ƙarami ne marar taga, amma tsakanin gado da ƙofar banɗaki darduma ɗaya tana shimfiɗuwa daidai, muna yin salla ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin nan kuma shi ne babban ƙorafina. Farashin mazauna jiha da na samu yana kan irin ɗakin da kamfani ne ke zaɓa maka, ba ka sanin lambarsa sai tafiya ta matso. Aka ba mu wanda ke ƙarƙashin wurin da ake jan kujeru da kekunan kwanoni har tsakar dare, kuma tun kafin asuba a sake farawa. Maiɗakina ta ce da ni a dare na biyu: "Maigida, da mun san haka ne, da mun ƙara kuɗin mun zaɓi ɗaki da kanmu." Gaskiyarta ce. Na je wurin masu karɓar ƙorafi, suka saurare ni cikin ladabi, suka ce jirgi a cike yake babu wurin sauyi, suka ba mu abin toshe kunne. Abu na biyu shi ne kuɗin kafin alƙalami da na bayar ba mai dawowa ba ne idan na fasa, kuma ba a haɗa wannan ragi da wata garaɓasa. Bayan kwana goma da biyana sai kamfanin ya fitar da tayin gama-gari mai ɗauke da kyautar kuɗin kashewa a jirgi, wanda da na lissafa na ga ya kusa kamo nawa. Duk mai niyya ya buɗe farashin sau biyu, ɗaya da sunan jiharsa ɗaya babu, ya karanta sharuɗɗan kowanne kafin ya biya. Ya kuma sa tukuicin ma'aikata a lissafinsa, wanda a lokacin tafiyarmu a manyan kamfanoni yake tsakanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum kowace rana, kuma ragin ba ya taɓa shi, haka ma harajin tashoshi. Ban yi baƙin cikin biyan tukuicin ba ko kaɗan bayan na ga irin awannin da mutanen nan suke yi a tsaye.

Akwai wani abu da ya shafi 'yan uwanmu mazauna Amurka musamman, kuma ina roƙon a kula da shi. Lasin tuƙi yana tabbatar da adireshi ne kawai, ba ya maye gurbin takardun ƙetare iyaka. Wata doka ta Amurka ta shekarar 1886 ta hana jiragen da ke da rajistar ƙasashen waje jigilar fasinja tsakanin tashoshin ƙasar kai tsaye, kuma da yake kusan dukkan manyan jiragen nan tutar Bahamas ko Panama ko makamantansu suke ɗauke da ita, ko gajeriyar tafiya sai ta taɓa wata ƙasa. Ma'ana, za ka fita daga Amurka ka sake shigowa. Ni fasfona na Nijeriya da katin izinin zama na dindindin aka duba, wajen fita da wajen dawowa. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke kan biza ya tabbatar da izinin shiga Bahamas da kuma ingancin bizarsa ta dawowa kafin ya biya ko sisi, domin wanda aka mayar daga ƙofar jirgi saboda takardu ba a mayar masa da kuɗinsa.

A ma'aunina hidimar ta ci kuɗinta, kuma zan sake tafiya da wannan farashi, amma a farkon Disamba bayan guguwa ta wuce kuma kafin cunkoson hutun ƙarshen shekara, kuma zan biya ƙarin da ake nema in zaɓi ɗakin da ke tsakanin benaye biyu na ɗakunan kwana. Mun sauka ranar Juma'a da misalin ƙarfe takwas na safe, muka ɗauki motarmu inda muka bar ta, muna fita muna wuce motoci masu lambar Filorida da suka fara layin shiga don tafiyar ƙarshen mako a jirgin da muka baro. Kafin ƙarfe goma muna gida, kuma na samu sallar Juma'a a sahu ɗaya da dattijon da ya ce in zo in ba shi labari.